Ƙwayar ecstasy ta asali ma tana kisa

Duk lokacin da ƙwayar ecstasy ta kashe matashi a gidan rawa a Turai, abin da abokansa ke cewa shi ne jabu aka sayar masa. Wannan uzurin yana damuna ƙwarai, domin yana sa waɗanda suka rage su ɗauka cewa ta asalin ba ta da illa.

Tabbas masu sayarwa sukan gauraya ta da guba irin PMMA. Amma sinadarin kansa, MDMA, wanda kamfanin Merck na Jamus ya fara haɗawa a 1912, shi kaɗai ya isa ya kai mutum kabari. Yana sa ƙwaƙwalwa ta juye sinadarin serotonin gaba ɗaya, daga nan ne farin cikin da son kowa da kowa ke fitowa. A daidai lokacin zuciya na bugawa da sauri, jini na hawa, jiki na ɗaukar zafi. Mutum ya yi ta rawa cikin cunkoso ba ya jin gajiya, har zafin ya haura digiri 41, tsoka ta fara lalacewa, ƙoda da hanta su gaza.

Ruwan da zai ce ya sha don ya huce, shi ma tarko ne. A 1995, wata yarinya mai shekara 18 a Essex ta Ingila ta haɗiyi ƙwaya ɗaya, ta sha ruwa wajen lita 7 cikin minti 90. Ƙwayar tana hana fitsari fita, sai gishirin jininta ya tsinke, ƙwaƙwalwarta ta kumbura, ta rasu.

Akwai masu kafa hujja da cewa Ostireliya ta ba wasu likitocin ƙwaƙwalwa izinin amfani da MDMA tun 2023. To, wannan awo ne sananne a gaban likita, kuma hukumar magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa da shi a 2024.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne namu. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta sha kama ƙwayar a Legas, kuma ƙwayar ta zo ta tarar da matasan da suka riga suka saba da tramadol. Dukansu biyu suna ɗaga serotonin, haɗa su kan jawo jijjiga, zazzaɓi mai tsanani da sumewa. Wanda aka ga haƙoransa na cizon juna, jikinsa zafi zau, maganarsa ta rikice, kada a kulle shi a ɗaki don gudun abin kunya. A garzaya da shi asibiti, a faɗa wa likita ainihin abin da ya sha da lokacin da ya sha.