Tafin da na yi ni kaɗai a Leipzig

Mura ce ta kwantar da mijin maƙwabciyata, wata dattijuwar Bajamushiya, sai ta ce in raka ta Gewandhaus, zauren kiɗa na birnin Leipzig, kada tikitin ya tafi a banza. Na ce kaɗe-kaɗe ai ba baƙon abu ba ne wurin ɗan Kano. Na zura shadda, na kafa hula.

Mai busa wani abu kamar algaita ya ja sauti ɗaya, sauran suka bi shi, ni har na fara gyaɗa kai. Ta raɗa min: "Saiti suke yi, ba a fara ba."

Can sai ga wani tsoho tukuf yana takawa da ƙyar zuwa fiyano, bayansa wani yaro da bai wuce jikansa ba riƙe da siririyar sanda. Yaron nan ya hau dandamali, ya juya wa tsohon baya, ya ɗaga sanda! Raina ya ɓaci. Sai daga baya na lura duk 'yan daƙiƙu yana waiwayowa yana leƙen idon tsohon, shi kuwa ya ɗan ɗaga gira, makaɗa duka su bi. Hannuwan da nake tsoron ba za su iya riƙe kofin shayi ba suka riƙa tsere a kan fiyano.

Kiɗan fiyano ne na biyar na Beethoven, shahararren Bajamushe mai tsara kiɗa, wanda aka fara yi wa jama'a a wannan gari a 1811, kuma kashi uku ne. Ba wanda ya gaya min. Bayan kusan minti 20 aka yi tsit, na miƙe na zuba tafi har da "Allah ya ƙara lafiya, Baba!" Ni kaɗai. Aka juyo da kawuna. Tsohon ya leƙo ta saman tabarau, yaron ya daskare da sanda a sama. Na koma kujera a hankali ina gyara hula.

Da aka kammala da gaske, zauren ya ɗauki tafi, ana ta kiran su suna fita suna dawowa. Ni dai na soke hannuwa a aljihu, ba za a sake kama ni ba.

"Ba ka ji daɗi ba ne?" in ji ta.

Na ce, "Hajiya, ai ni na riga na biya nawa."