Masu shirin karatun lafiyar ƙwaƙwalwa a waje, ku tafi da tambayarku daga gida

Na lura matasanmu da suka karanta likitanci ko jinya ko halayyar ɗan Adam sun fara hanƙoron digiri na biyu da na digirgir a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa na ƙasa da ƙasa. Wasu na neman tallafin Commonwealth ko Chevening zuwa Landan ko Glasgow. Madalla. Najeriya, ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200, amma likitocin ƙwaƙwalwarta ba su kai 300 ba, tana bukatar duk wanda zai sa hannu. Damuwata ɗaya ce: wa ke zaɓa musu abin da za su bincika?

Sau da yawa malamin can ne ke da tambayar, shi ke da kuɗin. Ɗalibinmu sai ya dawo Kano da takardun tambayoyi, ya zagaya unguwanni ya sa a cike, ya koma. Kundi ya fito, aka sha biki, mu kuma ko labarin abin da aka gano ba mu ji ba.

Alhali tambayoyin suna nan birjik a cikin gidajenmu. Ɗauki mai jego da ta daina magana tun kafin arba'in, ta ƙi shayar da jariri, ta zuba wa bango ido. Kaka za ta ce iska ce. A kira malam, a yi tofi, a ba da rubutu, a yi hayaƙi, a kai ta ruƙiyya. Sai ranar da ta fara fizge-fizge za a tsayar da Adaidaita a nufi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko asibitin Malam Aminu Kano, shi ma da sassafe don kada maƙwabta su gani. Mahaifiyar mai jegon kuma ta ja babban ɗanta gefe: "Don Allah kada dangin mijinta su ji, ka san ƙannenta ba su yi aure ba." Wata nawa ake ɗauka tsakanin ranar farko da ranar asibiti? Wa ke yanke hukunci a gidan, miji ko uwa ko kawu? Nawa ake kashewa kafin a ga likita? Me ya sa ake ajiye magani da zarar an ga sauƙi? Kowace ɗaya a nan ta isa digirin digirgir, kuma Bature ba zai iya shiga ɗakin ya tambaya ba.

Abin da ma bai kamata mu manta ba, ba baƙi ba ne mu a fannin nan. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro ta Abeokuta: maras lafiya ya sauka a gidajen mutanen ƙauye tare da ɗan uwansa, yana zuwa asibiti da rana, kuma Lambo bai kori masu maganin gargajiya ba, aiki ya yi da su. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Farfesa Oye Gureje na Ibadan ya gwada haɗa ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi da masu maganin gargajiya da na addini a Najeriya da Gana, sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna marasa lafiyar sun fi samun sauƙi. A Zimbabuwe kuwa Dixon Chibanda kakanni mata ya horar, suna zama a kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa. Yau ana koyar da waɗannan a jami'o'in da yaranmu ke rububin zuwa. To, ina namu gwajin da masu ruƙiyya, waɗanda su ne ke fara ganin maras lafiya a garin nan?

Ga kuma maganar doka. A Janairun 2023 aka sa wa sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa hannu, ta maye gurbin ta 1958 da muka gada daga Turawa. Kafin nan, a 2019, an yi ta rufe gidajen mari a Kaduna da Katsina da nan Kano. An kwance sarƙa, alhamdu lillahi. Amma iyayen da suka kai 'ya'yansu can saboda shaye-shaye ya fi ƙarfinsu, ina suka nufa bayan nan? Haka aka hana kodin a 2018, kowa ya tafa, ba mu bi sawun yaran mun ga me suka koma sha ba.

Don haka ƙanena da kake cike takardun neman gurbi, kafin ka rubuta wa kowane farfesa, je ka zauna a layin ganin likita, ka zauna kuma a zauren mai ruƙiyya, ka saurara. Nemi mai duba aiki na biyu a Jami'ar Bayero. Ku yi yarjejeniya tun farko kan wa ke da bayanan da za ka tattara. In ka gama, ka shiga rediyo ka faɗa wa mutanen da ka ɗauki lokacinsu abin da ka gano, da Hausa.