Jar Takarda a Gindin Galan

Waɗanda suka zo suna ranar Asabar sun gani da idonsu. Waɗanda ba su zo ba na san an riga an kai musu labarin da ƙarin gishiri, to gara ku ji daga bakin mai abin.

Kowa a majalisar atayarmu ta unguwar Aboabo, nan Kumasi a Ghana, ya san matsayina. Tun da aka buɗe katafaren mol ɗin nan na Asokwa a 2017 nake cewa kuɗin Zango ya kwana a Zango. Matata Hajiya ta sauka lafiya, mata suka miƙo min takardar cefane: shinkafa mai ƙamshi buhu 2 na kilo 25, man girki galan 4 na lita 5, tumatirin gwangwani, sukari olonka 3 (gwangwanin awo ke nan), garin rogo olonka 4, madara katan ɗaya. Yayan Hajiya ya ce ana rangwame a wani babban kanti, a ba shi kuɗin da na firagiya, wato keke mai ƙafa uku na ɗaukar fasinja, ya je ya kwaso. Na ce a'a, wurin Baba Alhaji za mu saya, ga kwantenarsa nan a bakin lungu. A gaban mutane na faɗa, har da ɗaga yatsa.

Kuma ba da jahilci na faɗa ba. Na yi aikin rubuta lissafi a shagon wani ɗan sari a Adum, na san yadda farashi ke hawa. Kaya ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema, babban dila ya ɗauka ya ɗora nasa, ɗan sari a Adum ko Kejetiya ya ɗora nasa, sannan ya iso hannun mai kwantena. Babban kanti kuwa yana tsallake matakala biyu, ya sayi lodin mota guda kai tsaye, a yi masa ragi saboda yawa, galibi ma sai kaya sun fara tafiya zai biya. Baba Alhaji rabin katan yake saya, kuɗi hannu, ya biya kayayo, wato 'yar dako, ta fito da shi bakin titi, ya biya aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ta kawo shi Aboabo. Mai fili ya karɓi hayar shekara 2 gaba ɗaya, duk da dokar haya ta ce kada a wuce ta wata 6. Ga wutar firji, ga takardar izinin hukuma, ga kuma littafin bashi wanda wasu sunayen cikinsa masu su sun koma Tamale tun tuni. Saboda haka in ka ga sidi 5 ko 10 a kan galan, ba sata ba ce. A madadin haka yana buɗewa da an idar da sallar asuba, yana ƙulla maka sukarin sidi 2 a leda, yana ba ka bashi zuwa ƙarshen wata, in yara sun dawo makaranta ba kowa a gida wurinsa suke karɓar makulli. Ka je can mai sanyin ka ce a rubuta maka sai albashi ya shigo, ka ga yadda mai gadi zai raka ka ƙofa.

Na je da kaina na tsaya aka auna. Olonka kuwa ba a barinta da amana, ko ta wane ne. Ka karɓi gwangwanin ka kifa shi, ka duba gindi: in an bubbuge shi ya shige ciki, ka yi asarar kusan kofi guda a kowane awo. Ka leƙa ciki ko an shimfiɗa kwali. Sannan ka lura da tozo, don gari ana tsiro shi ne har ya zubo, ba a share bakinsa da hannu. Na Baba Alhaji lafiya lau yake, har ya yi min gyara da tafi guda. Ya ce man sidi 190 galan, tumatir ƙaramin gwangwani sidi 12. Na tura kuɗin ta waya, ta MoMo, ya ce in ƙara kuɗin cirewa, na ƙara. Ban yi ciniki ba, don mai wa'azin abu ba ya ciniki a kansa.

Ranar suna an kafa rumfa, an jera kujerun roba, liman ya yi addu'a an raɗa suna, ana ta raba koko da ƙosai. Yaya ne aka ba makirfo yana sanar da gudummawa, wane ya kawo kaza, wance ta kawo turmin atamfa. Ni ina layin gaba cikin farar shadda, a damana Baba Alhaji, a haguna liman. Sai ga wani yaro ya fito daga wurin masu girki da galan ɗin da aka juye mansa a tukunyar dafa-duka, an aike shi ya ɗebo ruwa. Maimakon ya bi ta bayan rumfa kamar ɗan mutane, ta tsakiyar taro ya ratso, ya ɗora galan ɗin a ka a kife, gindinsa na kallon sama. A gindin nan kuwa akwai jar takarda mai faɗin tafin hannun jariri.

Yaya ya ce, "Kai, zo nan." Makirfon na kunne.

Ya karɓi galan. Ya soke makirfo a hammata, ya laluba aljihun gaba bai samu tabarau ba, ya laluba na gefe ya samu, ya hura musu iska, ya goge da bakin riga, ya saka. Duk wannan lasifika na kawo mana ƙarar hammatarsa. Ya kai galan nesa, ya dawo da shi kusa. Sannan ya ciro makirfo ya karanta sunan babban kantin da ya ce a je, harafi-harafi, ya karanta "rangwame", ya karanta farashi: sidi 149 da pesuwa 99. Pesuwa 99 ɗin nan sai da ya maimaita ta.

Ya juyo gare ni cikin ladabi, wanda shi ne ya fi ciwo. "Malam, nawa ka ce Baba ya bar maka?"

Na ce a bari sai an watse. Hajiya ce ta amsa daga tagar ɗaki, mace mai jego, ta ce 190.

Yaya ya yi lissafin a makirfo. Sidi 40 da pesuwa 1 a kowane galan. Galan 4, sidi 160 da pesuwa 4. Sai Inna ta gidan sama, wadda har gobe ba ta yarda an canza kuɗi a 2007 ba, ta tambaya nawa ke nan a kuɗin gaskiya. Wani ɗan makaranta ya buga mata, sidi 1 dubu 10 ne na da, ya ce miliyan 1 da dubu 600. Inna ta dafe ƙirji ta yi salati da ƙarfi, ta ce, "Miliyan! A kan mai!" Daga nan maganar ta fita hannun kowa. Kafin ta kai layin baya an ce miliyan na yi asara, kafin ta kai wurin masu wanke-wanke an ce filina aka cinye.

Ina zaune. Ƙosai na hannuna na dama, an gutsira rabi. Na rasa in kai shi baki ko in ajiye. In na ci a ce ban damu ba, in na ajiye a ce abin ya taɓa ni. Haka na riƙe shi har mai ya bi yatsuna ya ɗiga a kan shaddar, tabon na nan a gwiwa, mai wanki ya ce sai dai a rina. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi da sauri, amma kafaɗarsa na rawa, na gani.

Ba a gama ba. Wata daga cikin masu girki ta fito da gwangwanayen tumatir 4 a faranti, ta ce ita ma tun jiya take mamaki, me ya sa kowanne ke da ragowar salatif a jikinsa. Yaya ya ɗauki ɗaya ya kara shi a kafaɗar galan. Sawun salatif ɗin ya hau daidai. Kyauta ce aka manna wa kowane galan, har an rubuta a murfin cewa ba na sayarwa ba ne. Ita Baba Alhaji ya ɓalle ya sayar min sidi 12. Yaya ya ƙara 48 a kan lissafi, ɗan makarantar nan ya sake juya wa Inna, ta sake salati.

Baba Alhaji fa? Ko gezau. Ya gama tauna ƙosansa, ya kurɓi koko, ya goge baki. Ya ce, "To ai ni ma firagiya na biya, zuwa da dawowa." Ya ce kuma ba a ba mutum ɗaya fiye da galan 2, sai da ya kwashi 'ya'yansa uku kowa ya shiga layi daban, kuma sai da ya saya musu abin sha. Ya ce ɗan sarinsa na Adum ma a makon nan 170 yake bayarwa, to shi mahaukaci ne ya bar 149? Gaskiyarsa ta wannan fuska. Manyan kantuna kan karya farashin abu ɗaya ko biyu har ƙasa da na sari don su jawo ƙafa, ko in kwanan wa'adin kaya ya matso, kuma masu kwantena da yawa sun san ranar da ake sauke irin wannan farashi fiye da mu masu saya. Na duba galan daga baya, wa'adinsa saura wata 2, ga mai kuwa wannan ba komai ba ne in za a cinye a yini ɗaya. Abin da kawai zan ce, mai wannan sana'a yana jiƙa tsumma da kananzir ya goge takardar, minti ɗaya ba ya kaiwa. A wuyan galan duk ya goge. Gindin ne bai duba ba.

Ya kuma dafa gwiwata, daidai kan tabon, ya ce wa jama'a, "Malam mutumin kirki ne, ba ya ciniki." Aka yi tafi.

Amma ni wanda nake so mu yi magana a kansa shi ne Yaya. Mutumin da ya san pesuwa 1 da pesuwa 4 a makirfo, ku tambaye shi ina tukunyar gas ɗina. Mai kilo 14.5, shuɗiya, na cika ta taf ana jibi Babbar Sallah, ya aiko yaro ya ce aron kwana biyu za a soya nama. Da na tambaya ya ce tana wurin matarsa. Matarsa ta ce an kai gidan biki a Asawase. Na bi ta Asawase aka ce ai tun ranar aka mayar. Can sai ga wata tukunya an kawo min tsakar gida, ja, fanko, gindinta ya yi tsatsa, hannu ɗaya a lanƙwashe, robar bakinta ta mutu, in ka ɗora kan sai ka ji tana huci. Na shafa ruwan sabulu a wuyan, kumfa ta tashi. Na ce wannan ba tawa ba ce. Ya ce, "Tukunya ai tukunya ce, Malam." Mai cika gas ya ƙi karɓarta, ya ce ba zai ƙona wurinsa ba. Kuma yayan matarka ne, ba abokin wasa ba, ba dama ka ɗaga murya. Ka gaishe shi da safe, ka tambayi iyali, ka haɗiye.

Shi ne kuma ya tafi da galan 2 cikin huɗun da aka juye, wai zai zuba ruwa saboda famfo ba ya zuwa layinsu. Na ga yaronsa ya fita da su ta ƙofar baya da la'asar, har da kwanon dafa-duka a kai, kwanon ma namu ne.

Jiya na je kwantena sayen burodi, Baba Alhaji ya ce akwai ragowar sidi 30 a littafi tun watan jiya, na biya. Man ya koma 195. Hajiya ta ce a gaya wa duk wanda ya tafi da manyan cokulanmu guda biyu ya dawo da su, masu baƙin hannu ne. In kuma akwai mai tukunyar gas da ba ya amfani da ita, ya yi min magana bayan magariba, gawayi ya ishe mu.