'Yan Ajin Ƙarshe, Kundin Bincike Na Jiranku

Ƙannena da ke ajin ƙarshe na sakandare, na san hankalinku yanzu yana kan jarrabawa, kuma haka ya kamata. Sai dai akwai wani aiki a gabanku da hadda ba ta fid da mutum a cikinsa, wato kundin bincike. A jami'o'i da kwalejoji da yawa, ba a ba ɗalibi shaidar kammalawa sai ya rubuta aiki mai babi-babi, da tambayarsa da hujjojinsa, wani lokacin ma ya tsaya gaban malamai ya kare shi. Wasu tsare-tsaren karatun ba sa ma jira a kai jami'a. Ɗalibin da ke tsarin IB, wani tsarin karatun sakandare na ƙasa da ƙasa, yana rubuta maƙalar bincike mai kalmomi har 4,000 kafin ya bar sakandare, a Ingila kuma akwai EPQ, wani aikin bincike na 'yan sakandare, wanda rubutunsa ke kai kimanin kalmomi 5,000. Kai kuwa da mafi tsawon abin da ka taɓa rubutawa shi ne insha'in shafi biyu a ɗakin jarrabawa, ka ga da sauran aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A jarrabawa, abin da malami ya ba ka shi kake mayar masa. A bincike kuwa ana so ka ɗauki matsaya, ka faɗi magana ɗaya da wani mai hankali zai iya musa maka, sannan ka kawo abin da zai sa ya yarda. A nan mafi yawan sababbin ɗalibai ke tuntuɓe. Za ka ji mutum ya ce zai yi rubutu a kan "illar wayar salula ga matasa". Wace illa? Waɗanne matasa? Da me za ka auna ta? Irin wannan take ko shekara goma ka yi ba ka ƙure shi ba, kuma ƙarshenta abin da kowa ya sani za ka tara. Matse shi. Ka ce: shin 'yan ajinmu da ke kwana da waya a gefen matashi sun fi sauran ƙarancin barci a ranakun makaranta? Yanzu ka san wa za ka tambaya, me za ka ƙirga, kuma amsar tana iya fitowa saɓanin zatonka. Idan ba ka iya faɗa wa abokinka abin da kake son ganowa a jimla ɗaya ba, to ba ka shirya buɗe babi na ɗaya ba tukuna.

Sai karatu. Duk abin da ka karanta don aikinka, a take ka rubuta sunan marubucin, da shekarar bugu, da lambar shafi. Aikin daƙiƙa talatin ne yau, amma bayan wata uku sai ka wuni kana neman inda ka samo wata jimla ba ka gano ba. Manhajar Zotero kyauta ce, tana adana manazarta, wato bayanan littattafan da ka karanta, ta kuma jera su a salon da sashenku ya zaɓa, kamar APA ko MLA. Ba ka da kwamfuta? Littafin rubutu ɗaya da ka keɓe don wannan ya wadatar. Ka kuma saba da rufe littafi bayan ka karanta, ka rubuta abin da ka fahimta da bakinka. In ka kasa, ba ka fahimta ba ke nan, koma ka sake karantawa.

Ina nanata wannan saboda satar fasaha ba ta tsufa. A 2011 ministan tsaron Jamus, Karl-Theodor zu Guttenberg, ya sauka daga muƙaminsa bayan an gano ya kwashi rubutun wasu a kundin digirinsa na uku. A 2012 shugaban ƙasar Hungary, Pál Schmitt, ya yi murabus a kan irin wannan laifi, alhali kundin nasa tun 1992 aka rubuta shi. Su ke nan masu mulki, balle kai. Yanzu kuma ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT, waɗanda kan ƙago sunan littafi da marubuci da shekara, su jera maka tsaf, alhali babu littafin a duniya. Duk abin da ba ka buɗe da hannunka ka gani ba, kada ya shiga manazartarka.

To, batun burin rubutu. "Zan dage" ba buri ba ne, fata ne kawai. Masana halayyar ɗan Adam Edwin Locke da Gary Latham sun shafe shekaru suna nazarin wannan, kuma abin da suka yi ta samu shi ne, wanda aka sa wa takamaiman buri mai ɗan wuya ya fi wanda aka ce wa "yi iya ƙoƙarinka" aiki. Saboda haka burinka ya zo da adadi, da lokaci, da wuri: kalmomi 200, Litinin zuwa Juma'a, ƙarfe biyar na yamma, a teburin nan, waya tana wani ɗaki. Lissafa ka gani. Kalmomi 1,000 ke nan a mako, cikin mako huɗu ka haɗa 4,000. Kuma ka ɗora burin a kan abin da ke hannunka. Makin da malami zai ba ka ba ya hannunka, amma zaman minti 25 kana rubutu yana hannunka. Ranar da ka tsallake, kada ka ninka wa gobe bashi, ci gaba kawai daga inda ka tsaya. Masu ninka bashi su ne ke watsar da aikin a mako na biyu.

Kada kuma ka amince da hasashenka na lokaci. A wani bincike da aka buga a 1994, Roger Buehler da abokan aikinsa sun tambayi ɗaliban jami'a a Kanada kwana nawa ya rage su miƙa kundinsu. Matsakaicin amsarsu kusan kwana 34. Da aka ce su ƙaddara komai ya lalace, sai suka ce kusan 49. Abin da ya ɗauke su a zahiri ya haura kwana 55, wato ko mummunan zatonsu bai kai gaskiyar ba. Don haka ka fara lissafi daga ranar miƙa aiki ka dawo baya, ka yanka wa kowane babi wa'adinsa, ka bar makonni biyu na ƙarshe babu komai a cikinsu sai gyara. Za ka buƙace su.

Daftarin farko ba ya kyau, na kowa ma haka yake. Ɗalibin da ke goge jimlar farko sau ashirin yana nan a shafi na ɗaya, ɗan'uwansa da ya zuba shafi biyar masu kura-kurai ya samu abin gyarawa. Ranar rubutu daban, ranar gyara daban. In ka zo gyara, karanta da ƙarfi, kunnenka zai kama abin da idonka ya tsallake. Kuma ka ajiye aikinka a wuri biyu, ko da tura wa kanka ta imel ne, don waya na ɓata, kwamfuta na mutuwa.

Kafin zangon nan ya ƙare, ka zaɓi tambaya ɗaya matsattsiya, ka nemo majiya uku da ka karanta da kanka, ka rubuta kalmomi 1,500. Kai wa malamin da ka san ba ya jin nauyin jan biro. Kada ka tambaye shi ko ya yi kyau, don zai ce maka "ba laifi" ya sallame ka. Ce masa: "Malam, a wane sakin layi hujjata ta fi rauni?" Abin da ya nuna maka, shi ne aikinka na mako mai zuwa.