Awon da ake yi a Antatika ya shafe mu a Legas

Na karanta labarin nan na masu binciken da ke daidaita na'urorin auna ƙarfin jan ƙasa a Antatika, nahiyar ƙanƙara da ke ƙuryar kudancin duniya, sai na ga wani ɗan'uwa a cikin masu sharhi yana cewa ɓarnar kuɗi ce. Malam, da girmamawa, ban yarda ba.

Ƙarfin nan ba ɗaya ba ne a ko'ina. Mu a Legas muna dab da ikwaita, wato layin da ya raba duniya kudu da arewa, inda ya fi rauni, kusan 9.78 (wato mita nawa gudun abu mai faɗuwa ke ƙaruwa da shi kowane sakan), can ƙuryar kudu kuwa ya kai 9.83. Juyawar duniya ce ta jawo haka, ga shi kuma ta ɗan kumbura a tsakiya. Buhun albasa mai kilo 100 a kasuwar Mile 12, in ka ɗora shi a sikelin sifirin a can, zai ƙaru da kusan rabin kilo.

Na'urar awon da masu binciken ke yawo da ita sifirin ne a cikinta, kuma a hankali yakan saki, sanyi da jijjigar tafiya su ƙara dagula shi. Shi ya sa ake gwada ta da babbar na'urar da ke sakin abu ya faɗi cikin bututun da aka zuƙe wa iska, leza na bin faɗuwarsa.

Da irin awon nan, haɗe da taurarin ɗan'adam masu auna ƙarfin jan ƙasa daga sama, irin GRACE da aka harba a 2002 suka yi aiki har 2017, ake gane yawan ƙanƙarar da ke narkewa. Ruwan ƙanƙarar nan cikin teku yake shiga, kuma wanda ya san Bar Beach a da ya san yadda teku ke cin bakin Legas. Don Allah ku ƙaro mana labari kan wannan.