Sun ɗora jinina a kan sikeli

Na sauka lafiya, mabiyiya ta faɗo, an kwantar mini da jaririya a ƙirji. Sai na ga nas tana kwashe ƙyallayen da aka shimfiɗa a ƙarƙashina tana ɗora su a kan sikeli, tana rubuta lamba a allon bango. Na tambaye ta. Ta ce sun san nauyin busasshen ƙyalle, duk abin da ya ƙaru jini ne, giram ɗaya mililita ɗaya. Da lambar ta haura iyakar da suka sa, aka turo wani keken ƙarfe mai aljihuna, allurai da robar ƙarin ruwa duk a jere, likita ta shigo da sauri. Cikin mintuna jinin ya tsaya. A wani asibiti ne a Oakland, jihar Kalifoniya ta Amurka.

Kukan da na yi a lokacin na Yaya ne, Allah ya jiƙanta. Ita da ido aka duba aka ce jinin haihuwa ne, zai tsaya. Kafin mijinta ya dawo daga neman mai ba da jini, ta cika.

Wannan sikelin yana da tarihi. A 2006 aka kafa wata haɗakar asibitoci a Jami'ar Stanford don bin diddigin mutuwar masu haihuwa a jihar, ita ce ta yaɗa wannan auna jinin a asibitocin jihar, kuma daga shekarar zuwa 2013 mutuwar ta ragu da fiye da rabi. Amma da suka raba lissafin bisa launin fata, sai ta bayyana baƙaƙen mata na mutuwa kusan ninki uku na farare. Alƙaluman ƙasar baki ɗaya na 2021 sun ce baƙar mace 69.9 cikin haihuwa dubu ɗari, farar mace 26.6. Ni ma a lissafinsu baƙar mace ce, ba ruwansu da cewa daga Arewa na fito.

Abin da ya burge ni shi ne majalisar jiha ta ɗauki wannan abin kunya ta rubuta shi cikin doka. A 2019 Sanata Holly Mitchell ta kawo doka mai lamba SB 464, wadda ta wajabta wa duk ma'aikacin ɗakin haihuwa horo kan son zuciyar da mutum ke yi bai sani ba, irin wanda ke sa baƙar mace ta ce kaina na sarawa a ce raki ne. Duk shekara biyu ake sabuntawa. A 2021 aka ƙara SB 65, daga nan inshorar talakawa ta jihar, Medi-Cal, ta fara biyan kuɗin doula a Janairun 2023. Doula mace ce da ke zama da ke tun ciki har jego, ba ta allura ba ta karɓar haihuwa, amma in kin yi magana ba a ji ba ita ce bakinki. Inshorar mai jego kuma da ke yankewa bayan kwana 60 yanzu tana kaiwa shekara.

Ba zan ce komai ya gyaru ba. A 2023 babban lauyan jihar, Rob Bonta, ya bayyana cewa lokacin da ya soma bincike, ƙasa da kashi 17 cikin ɗari na asibitocin da suka amsa masa ne suka fara horon. Har yau tazarar tana nan. To amma akwai wanda ya bi sawu ya tambaya, ya fito da lamba, aka koma majalisa a 2024 aka sa wa'adi da tara.

Mu ma muna da doka, kar wani ya ce mini na zo Amurka na manta gida. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, ta ware aƙalla kashi ɗaya na kuɗin shigar tarayya don lafiya matakin farko. Kuma ilimin auna jinin nan har da hannunmu a ciki: Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororin binciken E-MOTIVE da aka buga a 2023, inda leda mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mai haihuwa, haɗe da magani a kan lokaci, ta rage mummunan zubar jini da kashi 60. Leda ce fa. Wace majalisar jiha ce a Arewa za ta wajabta ta a kowane ɗakin haihuwa, ta kuma tilasta a rubuta sunan kowace mace da ta rasu da dalilin rasuwarta, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma? Bambancinmu na birni da ƙauye ne, na mai kuɗin hannu da marar shi, kuma ana iya ƙirga shi. Na yi imani da ƙaddara. Kwanan Yaya ya ƙare, na yarda. Amma ko takarda ɗaya babu da ta ce ga yawan jinin da ta zubar.

Doular tawa mutuniyar kirki ce. Ta zo gida sau biyu, ta duba ni, ta riƙe yarinyar na yi barci, ta duba agogo ta tafi. Da ta rufe ƙofa gidan ya yi tsit. Ba mai hura wutar ruwan wanka da asuba, ba ganyen darbejiya, ba kunun kanwa, ba maƙwabta masu shigowa barka. Inna ba ta samu biza ba. Ranar suna mu shida ne a falo, aka yi huɗuba, aka sa wa yarinyar sunan Yaya. Inna tana kallo ta waya, tana cewa in ɗaga ta sama kaɗan, ba ta ganin fuskar.