Matar Tolstoy ma tana da nata bayanin

A 1889 marubucin Rasha Leo Tolstoy ya kammala gajeren littafinsa Kreutzer Sonata. Labarin wani magidanci ne, Pozdnyshev, da ya daɓa wa matarsa wuƙa har lahira don yana zarginta da wani makaɗin goge, kotu kuma ta sallame shi. A cikin jirgin ƙasa yake ba wani fasinja labarin, kusan bakinsa kaɗai ke motsi har ƙarshe. Matar ko suna ba a ba ta ba. Abin da muka sani game da ita shi ne abin da idon mijin ya gani: surarta, rigar da ta kama mata jiki, da murmurewar da ta yi bayan likitoci sun hana ta ƙara haihuwa.

Masu tace littattafai a Rasha suka hana buga shi, mutane suka shiga kwafa suna miƙa wa juna, da yawa kuma suka ɗauka gidan marubucin ake nufi. Wadda wannan tsegumi ya faɗa wa ita ce Sofiya, matarsa.

An ɗaura musu aure a 1862, tana da shekara 18, shi 34. Ana gab da biki ya miƙa mata littafin da yake rubuta sirrinsa, ta karanta tarihin neman matansa, har da wata baƙauyiya a gandunsa na Yasnaya Polyana da ta haifa masa ɗa. Sofiya ta yi haihuwa 13, biyar suka rasu tun suna ƙanana. Autansu ya zo a 1888, wato a daidai lokacin da maigidan ke rubuta cewa ƙaurace wa shimfiɗa shi ne mafi tsarki ko da a gidan aure. Wanda ya yi wa'azin daban, wadda ta ɗauki cikin ta sha naƙuda daban.

Ba na cikin masu cewa Tolstoy bai ga zaluncin da ake wa mata ba. A littafinsa Anna Karenina, wani magidanci Stiva ya ci amanar matarsa da malamar 'ya'yansa, bai rasa kujerarsa ba, bai rasa abokan cin abincinsa ba. Ƙanwarsa Anna ta yi irin laifin, aka raba ta da ɗanta, aka wulakanta ta a gidan wasa. Pozdnyshev ma ya caccaki maza masu zuwa gidan karuwai tun suna samari. Inda na rabu da Tolstoy shi ne maganin. Ya mayar da jikin mace tarko, ya ce namiji ya gudu ya tsira, bai tsaya ya tambayi mai jikin abin da ke damunta ba.

Duk da haka Sofiya ce ta je Petersburg a 1891 ta gana da Sarkin Rasha Alizanda na Uku, ta samo izinin buga Kreutzer Sonata cikin tarin ayyukan mijinta. Sannan ta zauna ta rubuta martani, labari mai taken "Laifin Wa?". A nata, yarinya ce mai suna Anna ta auri wani basarake da ya girme ta nesa, wanda jikinta kawai yake so, tunaninta da zanen da take yi ba su dame shi ba. Ta sami wanda ke sauraronta, ba su taɓa saɓo ba, amma kishi ya sa mijin ya kashe ta.

Ba a buga wannan labari ba sai 1994, shekara 75 bayan rasuwarta. Ba zan ce alƙalaminta ya kai nasa ba, bai kai ba. Amma alƙali ba ya yanke hukunci da jin ɓangare ɗaya, kuma an yi ƙarni guda ana muhawara kan aure da sha'awa a adabin Rasha da shaidar miji kaɗai. A 2014 maɗaba'ar Jami'ar Yale ta haɗa labaran biyu cikin kundi ɗaya da Turanci. Duk malamin da zai koyar da Kreutzer Sonata, a ganina, haka ya kamata ya ba ɗalibansa su.